Ashanar Malam

Mama tana tsugune a tsakar gida tana fifita gawayi da murfin tukunya, waya a maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, hayaƙi yana shiga mata ido. Ɗanta na fari ne a layi, wanda kowa ke kira Injiniya, har ita da ta haife shi.

"Mama, na kamo hanya. In Allah Ya yarda kafin la'asar ina nan. Ki haɗa masa kayan sawa da magunguna."

"Kayan wa?"

"Haba Mama. Ai mun gama maganar nan."

"Kai ka gama. Ni ko farawa ban yi ba."

Injiniya ya yi ajiyar zuciya irin ta manyan ofis, ya sake jero mata abin da ya sha jerowa. A garin da yake aiki akwai gidan jinya na masu shanyewar jiki, da ƙwararru masu koya musu magana. Za a kwantar da Malam a can, a riƙa kai masa ziyara ranar hutu. Ya riga ya kama masa gado.

"Likita ya ce in bai riƙa magana ba, ɗan abin da ya rage masa ma zai tafi. To da wa zai yi ta? Ke ba kya jin abin da yake faɗa. Ba laifinki ba ne, Mama, amma gaskiya ce."

Ta kashe wayar ba sallama. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yaron bai yi ƙarya ba.

Malam, mijinta, ya ƙarar da rayuwarsa yana koyar da Turanci. Ko bayan da ya ajiye aiki bai huta ba, ɗakin gaba ya mayar aji. Watannin baya ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Da ya farfaɗo, ɓarin damansa ya mutu, Hausa kuma ta gudu daga bakinsa kamar ba da ita aka yaye shi ba. Turanci kaɗai ya rage, shi ma kalma ɗaya-ɗaya, da ƙyar. Likita ya ce hakan na faruwa, kuma ji yana jin komai, fitarwa ce ta gagara.

Da farko yana ƙoƙari. Sai ya faɗi kalma, ita kuma ta yi ta cinke. Yana son a buɗe taga, ta kawo ruwa. Yana son rediyo, ta kawo bargo. Ran nan ya maimaita mata abu guda har jijiyar wuyansa ta tashi, tana tsaye da matashi a hannu ɗaya, kofi a ɗaya, ta rasa inda za ta sa kanta. Ya dubi fuskarta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe baki. Tun daga ranar bai sake cewa uffan ba, ko da ita, ko da likita, ko da ɗan nasa a waya.

Ta shiga ɗakin da shayin da ta dafa a kan gawayi. Yana zaune a keken marasa lafiya, fuskarsa ga bango.

"Ranka ya daɗe, ga shayi. Ka ji ɗanka ko? Wai zai kai ka makaranta. Kai da ka tsufa kana korar yara zuwa aji, yau ga shi an zo kanka."

Bai ko motsa ba. Da ta kai masa kofin baki ya kurɓa, ya yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi. Ƙaurin hayaƙi ne, ta sani. Ta san kuma mutumin nan ciki da bai. In aka kai shi inda baƙin hannu za su riƙa yi masa wanka suna kiransa Baba kamar ƙaramin yaro, zai juya wa duniya baya, sai dai a dawo mata da gawa.

Tana goge masa haɓa ta lura da hannunsa na hagu, mai lafiyar. Ya shiga aljihun gaban rigarsa, ya laluba, ya fito wayam. Ta sha ganin yana haka da safe, ta ɗauka susa ce. Yau ne kawai ta tuna abin da ke zama a aljihun nan.

A shekarar farko ta aurensu, murhun gas ya taɓa yi mata bub a fuska, ya lashe mata gira, ya bar mata tabo a damtse. Ta rantse ba ita ba shi. Malam bai yi mata wa'azi ba, bai ce tsoro ba naki ba ne. Washegari kawai ya sayo ashana ya jefa a aljihu. Tun daga nan kullum safiya shi zai riga ta shiga kicin, ya kunna, ya ɗora mata ruwa, sannan ya leƙo ya ce, "Gimbiya, an kunna." Da rana in ya dawo ya kunna, da yamma ya kunna. 'Ya'ya suka girma suka watse yana kunnawa. Ranar da ya faɗi, ta lulluɓe murhun da tsohon zane ta koma gawayi.

Ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon zanen da ya yi ƙura. Sannan ta yafa gyale, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta ta roƙe ta ta zauna da Malam, ta fita titi ta tari bas.

Shagon da ta nufa yana can ƙarshen kasuwa, layin masu gyara. Tukwanen gas a jere a ƙofa, tsofaffin murahu a kife kan juna, ƙasa duk baƙin maiƙo. Mai shagon tsohon ɗalibin Malam ne, yanzu ya ajiye tumbi da furfura a gemu, amma har gobe Ɗan Baya ake ce masa, don a bencin baya ya yi zamansa na makaranta kaf.

"Lale da Mama! Yaya jikin Malam? Wallahi kunya ta hana ni zuwa, tun da..."

"Ajiye kunyar, ba ita ta kawo ni ba. Abu biyu nake so. Ka koya min murɗa wannan shaiɗanin, ka kuma koya min yadda ake cewa a kunna wuta da Turanci."

Ɗan Baya ya saki sifanar hannunsa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Turanci? A wurina? Mama, duk garin nan kin rasa wanda za ki tambaya sai wanda Malam ya ce kansa ya fi kwakwa tauri?"

"Kai ne kake kusa da murhu. Kuma gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi."

Da ta faɗa masa dalili, dariyar ta ɗauke. Ya share kujera da hannun riga ya ba ta. Ya jawo wani murhu da ya gama gyarawa, ya nuna mata: a buɗe taga, a shinshina, a ƙyasta ashana tukuna, sai ta kama sannan a murɗa. Ashana kafin murɗi, ya maimaita, ko a mafarki kada ta juya su. Ya ɗauko wani abin ƙyastawa mai dogon baki, ya ce ta riƙe kyauta, ya fi sauƙi.

"Mayar da abinka. Ashana nake so."

Ya ƙyasta, ya kai bakin murhun, ya ce ta murɗa. Hannunta ya je ya dawo. Ya sake zuwa ya dawo. Ashanar ta ƙone masa yatsa, ya yar, ya ƙyasta wata. Masu shagunan gefe suka fara leƙowa suna ba da shawara. Mama ta ji tabon damtsenta yana zafi kamar yau aka yi shi. Ta runtse ido, ta yi bisimilla, ta murɗa. Bub! Ta yi baya da kujera har gyalenta ya zame. Da ta buɗe ido, wuta ce shuɗiya zaune a da'ira, ba ruwanta da kowa.

"Shi ke nan fa, Mama. Abin da kika gudar wa shekara da shekaru ke nan."

"Rufe min baki. Saura Turancin."

Ɗan Baya ya sosa ƙeya. Ya ce duk darussan Malam sun bi ruwa, amma wannan guda bai manta ba, don ranar da ashana Malam ya shigo aji. Ya ƙyasta ta a gabansu, ya ɗaga, ya ce ɗan wannan abu Bature ya yi masa kalmomi rututu: akwai ta ƙyastawa, akwai ta tartsatsin farko, akwai ta lallaɓa wuta a hankali har ta kama, akwai ta tashi gaba ɗaya. Ya ce da su ne kuma suke faɗin yadda abu ke kama zuciyar mutum, ko so, ko fushi, ko kwaɗayin sani.

"Sai ya nuna ni da tsinken ya ce, 'Kai kuwa ɗanyen itace ne, amma zan yi ta hura ka har ka kama ko numfashina ya ƙare.' To ga ni nan, Mama, ban kama boko ba, amma da wuta nake ci."

Ya shiga faɗa mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa. Harshenta ya ƙi lanƙwasuwa. Ya ce bari ya rubuta mata, ta ce wa zai karanta? Ta zuba su a baki kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu, ta miƙe da sauri kada su zube.

A bas ta samu wuri a tsakiya, tsakanin wata mai kwandon kaji da wani mai barci. Ta yi ta motsa leɓe tana jera su. Mai kajin ta saurara, ta ɗauka addu'a ce, ta fara cewa amin a ƙarshen kowace. Sai kwandasta ya tsaya rigima da wani fasinja, motar ta faɗa rami, kaji suka ɗauki kuka. Kafin a natsu, Mama ta laluba bakinta ta tarar saura biyu. Ta yi ta kiran sauran, ko ƙeyarsu ba ta gani ba. Ta ce ba komai, biyun ma Allah Ya yi musu albarka. Ta sauka a bakin layinsu, ta sayi ashana a kanti.

Motar Injiniya tana ƙofar gida. Ashe ya yi sammako fiye da yadda ya faɗa. A falo ta tarar da jakar Malam a zuge, takalmansa a leda a kai. Maƙwabciyar ta yi mata kallon ba-laifina-ba-ne, ta sulale. An sa wa Malam rigar fita da hula, an tura shi kusa da ƙofa kamar kayan da ke jiran dako.

"Mama, ina kika shiga? Kin bar shi da mutane."

"Sannu da hanya. Ka ci abinci?"

"Gara mu kama hanya da rana. Ki shirya mu je tare ki ga wurin, hankalinki zai kwanta."

Ta dube shi. Idanunsa sun faɗa, shi ma ba barcin kirki yake yi ba. Ba mugunta ce ta kawo shi ba, tsoro ne, ta san wannan. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"Ba za ka fita da shi daga gidansa bai sha shayi ba. Wannan kam ko hukuma ce sai ta jira."

"To bari in hura miki gawayin."

"Ba gawayi."

Ta kama bayan keken ta tura shi kicin. Ƙofar ta matse, taya ta goge bango, ta ja baya ta sake. Ta yaye tsohon zanen, ƙura ta tashi. Ta buɗe taga, ta buɗe kan tukunyar gas kamar yadda aka nuna mata, ta shinshina. Injiniya ya biyo su da jakar a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, me kike yi? Ke da ko kusa da shi ba kya zuwa?"

Ta cika tukunyar shayi da ruwa ta ajiye a gefe. Ta durƙusa gaban mijinta, gwiwoyinta suna ƙara, ta zaro tsinke guda ta miƙa wa hannunsa na hagu, ta riƙe masa kwalin daidai.

"Malam, na san kana ji na. Tun shekarar da aka kawo ni gidan nan kake kunna min, ban taɓa ce maka na gode ba, don aikinka ne. To ba wanda ya sallame ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani. Ga nawa, kawo naka."

Idonsa yana kan tagar. Hannun yana kwance a cinya.

Ta fito da kalmar farko daga cikin biyun.

"Sitiraik."

Girarsa ta ɗan motsa, kamar ƙuda ya sauka a kai. Shi ke nan.

"Sitiraik, Malam."

Daga bakin ƙofa Injiniya ya ce a hankali, "Mama, ya isa. Kina wahalar da shi, kina wahalar da kanki."

Mama ta dafa gwiwa ta miƙe.

"To shi ke nan. Tunda ka yi ritaya, ni zan kunna. Ka tafi makarantarka."

Ta juya ga murhun. Ko ruɗewa ce, ko da gangan ta yi, har yau ba za ta iya rantsewa ba. Ta dai murɗa kafin ta ƙyasta. Gas ya fara huci, ita kuma tana ta kokawa da kwali, tsinken ya suɓuce ya faɗi.

"No!"

Muryar ta fito a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma ta cika kicin ɗin. Hannun hagu ya kai mata cafka a zane.

"Off. Off!"

Wannan kam ba ta nemi tafinta ba. Ta mayar da makunnin, huci ya tsaya. Injiniya ya yi tsalle ya shigo yana kaɗa iska da murfin bokiti, yana faɗa, ba wanda ya saurare shi. Malam yana haki, yana harararta da ido ɗaya da rabi, irin hararar da ta ƙosa ta gani. Sai da warin ya fita tas, sannan ya buɗe tafin hannunsa.

Ta sa masa tsinke, ta sake durƙusawa ta riƙe kwalin. Hannun bai saba ba. Na farko ya karye. Na gaba ya goge bai kama ba. Wani ya yi tsalle ya faɗa bayan tukunyar gas. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Injiniya ya miƙo hannu zai karɓa, Mama ta buge shi ba tare da ta juya ba. Karyayyun tsinkaye suka taru a cinyar rigar fita. Ta gyara riƙon, ta karkata masa gefen kwalin, ta danne da yatsu duka.

Ƙyas! Ta kama.

Ta matsa keken da ƙafarta, ta tallafi gwiwar hannunsa har bakin murhun. Ta murɗa, wannan karon ido a buɗe. Wutar ta zagaye ta zauna. Malam ya kaɗa tsinken ya kashe, yadda yake yi kullum, sau biyu da ɗan juyi. Ta ɗora ruwan.

Saura kalma ɗaya a bakinta, ta ga ba amfanin ajiye ta. Ta nuna wutar.

"Kindili."

Malam ya runtse ido kamar an taka masa yatsa. Leɓensa suka yi ta kokawa, haɓarsa tana rawa.

"Kin... kindle."

"Kindili."

"No. Kindle."

"Ai abin da na ce ke nan. Kindili."

Ya ɗaga yatsan nan da ya tsorata yara aji bayan aji, ya buga shi a hannun keken.

"Again."

Ta duba ɗanta. Injiniya ya ce, muryarsa ba daidai ba, "Wai ki sake."

Ta sake, ya ƙi. Ta sake, ya nuna mata bakinsa, inda harshe ke tsayawa, ya faɗa a rarrabe. Ta bi shi, ta ɓata. Ba wai tana yi don ta tsokane shi ba ne, iyakar iyawarta ke nan, kuma ita ma ta ga alamar za a daɗe ana wannan shari'a. Wani sauti ya fito masa ta hanci, rabi tsaki rabi dariya. Ruwan ya fara ƙara a tukunya, suna nan suna ja. A ƙarshe ya gaji, kansa ya jingina, ya kaɗa mata hannu irin na korar ɗalibi, ya furta wata kalma doguwa da ta sha masa wuya.

"Me ya ce?"

Injiniya yana kallon ubansa, yana kallon tsinkayen da ke cinyarsa.

"Ya ce gobe. Wai sai gobe."

"To ka ji. Gobe ina da darasi, kuma malamina ba ya son fashi." Ta juya tana neman ganyen shayi, don kada ya ga fuskarta. "In akwai masu koya maganar da ke zuwa gida, nemo mana, ba mu ƙi ba. Sauko min da kofi uku a kan kantar can."

Sannan ta ji ƙarar jakar ta sauka a ƙasa, ta ji Injiniya ya buɗe kantar yana tambayar wane kofi ne na Baba.

Tana zuba shayin ta ji ana jan gefen zanenta. Malam ne, tafin hannunsa a buɗe. Ta ɗauka kofin yake so, ta miƙa, ya girgiza kai, ya nuna ɗayan hannun nata da haɓa. Ta sa masa kwalin ashanar. Ya lallaɓa, ya kuskure bakin aljihun, ya sake, ya jefa shi ciki, ya dafa a kai.